Tauraro Mai Gaurayayyen Hali: Dalilan Karɓuwarsa ga Masu Karatu da 'Yan Kallo

1.0 GABATARWA

A wajen nazarin ƙagaggun labaran Hausa akan lura da wani abu mai ban mamaki. In aka zo kan Umar na cikin littafin Shaihu Umar, ɗalibai kan yaba haƙurinsa da tawakkalinsa, sa'an nan a wuce gaba. Amma in aka zo kan Abubakar na Jiki Magayi sai gardama ta kaure, waɗansu na ba shi gaskiya, waɗansu na tsine masa. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin gano abin da ke sa irin wannan tauraro ya fi kama zuciyar mai karatu da ɗan kallo, alhali kuwa ba a rasa shi da babban aibi.

Abin da ake nufi da tauraro mai gaurayayyen hali shi ne wanda alheri da sharri suka haɗu a jikinsa, har ya zamanto ba a iya yanke masa hukunci da kalma ɗaya. Ya bambanta da munafuki, domin shi munafuki ɓoye halinsa yake yi, wannan kuwa halayensa duka biyu a fili suke, kuma duka nasa ne.

2.0 TUSHEN AL'AMARIN

Manazarta adabi sun daɗe da sanin irin wannan tauraro. Aristotal, masanin nan na ƙasar Girka, ya nuna cewa wasan ban tausayi ba ya yin armashi in tauraronsa salihi ne tsantsa, ko kuwa mugu tsantsa. Wanda ya dace shi ne na tsakatsaki, wanda kuskurensa ya jawo masa faɗuwa. Haka kuma a 1927 E. M. Forster, marubuci ɗan Ingila, ya kasa taurari gida biyu: wanda aka gina bisa hali ɗaya tak, da wanda ke iya yin abin da mai karatu bai zata ba, amma kuma in ya yi a yarda cewa zai aikata.

Bahaushe ma bai jira littafi ba kafin ya san haka. Shi ne ya ce mutum tara yake bai cika goma ba. A tatsuniya kuwa ya ƙago Gizo, maƙaryaci, makwaɗaici, wanda ko matarsa Ƙoƙi ba ta tsira daga makircinsa ba. Duk da haka yara ba su da gwani sai shi, domin ƙaramin halitta ne da ke kayar da kura da zaki da wayo kawai. Ke nan tun a gaban kaka ɗan Bahaushe yake koyon son tauraron da ya san ba mutumin kirki ba ne.

3.0 SANIN DALILIN LAIFI

Babban abin da ke jawo mai karatu ga irin wannan tauraro shi ne an ba shi damar sanin dalilin laifi tun kafin a aikata shi. A rayuwar yau da kullum mutum kan ga ɓarawo ne bayan an kama shi, bai san abin da ya kai shi ga sata ba. Marubuci kuwa yakan fara da mafarin abin.

Kyakkyawan misali shi ne Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka biyo bayan gasar rubutun da aka shirya a Zariya a 1933. Abubakar saurayi ne mai son Zainab, ita ma tana sonsa. Sai Malam Shehu, attajirin da ya daɗe yana neman haihuwa bai samu ba, ya yi amfani da dukiya da asiri ya aure ta. A wannan gaɓa babu mai karatun da ba zai tausaya wa Abubakar ba, domin an nuna masa fin ƙarfi. Amma da ya tashi ramuwa, ya sha wahalar tafiya har ya samo asiri, bai nufi Malam Shehu da shi kai tsaye ba. Ɗan da Zainab ta haifa, watau Kyauta, shi ya lalata. Yaro ya tashi ɓarawo, ya zubar da mutuncin gidansu, daga ƙarshe ya kashe mahaifinsa bai san shi ne ba.

A nan ne mai karatu kan rasa tudun dafawa. Tausayin da ya yi wa Abubakar tun farko bai gushe ba, ga shi kuwa wanda aka zalunta ya zama azzalumi. Malam Shehu ma ba a iya kiransa mugu kawai, domin duk wanda ya san zafin rashin haihuwa a ƙasar Hausa zai gane abin da ya tunzura shi. Kyauta kuwa ya yi sata, ya yi kisa, amma da wane alƙalami za a rubuta masa laifin da aka ɗora masa tun bai san kansa ba? Mutum uku ke nan, kowa da gaskiyarsa, kowa da laifinsa.

4.0 MAI KARATU A MATSAYIN ALƘALI

Daga abin da ya gabata za a ga cewa irin wannan tauraro yana ba mai karatu aikin yi. In tauraro mai hali ɗaya ne, marubuci ya riga ya yanke hukunci, mai karatu sai dai ya amsa da amin. In kuwa mai gaurayayyen hali ne, to, an ɗora mai karatu bisa buzun alƙali, an ajiye masa shaidu na kowane ɓangare, an bar shi da shari'a. Ɗan Adam kuwa yana son a nemi ra'ayinsa. Wannan ne ya sa akan rufe littafin amma maganarsa ba ta ƙare ba.

Daɗin daɗawa, shari'ar tana komowa kan alƙalin. Wanda ya tambayi kansa ko Abubakar ya kyauta, ba zai daɗe ba zai tambayi kansa abin da shi zai yi in aka raba shi da wadda yake so saboda talaucinsa. Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa abin koyi ne, ana ɗaga kai a dube shi. Abubakar kuwa tsara ne, mai irin raunin da mai karatu ya sani a zuciyarsa ko da bai faɗa wa kowa ba.

5.0 SALON MARUBUCI

Ba hali kaɗai ke jawo wannan ƙauna ba, har da dabarar bayar da labari. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Alhaji Imam ne da kansa ke ba Koje Sarkin Labari tarihinsa. Saboda haka duk damfarar da ya yi, da shigar malanta ba da ilmi ba, da sharrin da suka riƙa ƙulla wa juna shi da Malam Zurƙe, daga bakinsa ake jin su, cikin raha. Wanda ya ba ka dariya kuwa da wuya ka ƙi shi. Bugu da ƙari, marubucin ya ba shi kyakkyawar manufa, watau neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya kuma fid da Liman kunya. Mai karatu sai ya riƙa auna manufar da hanyar da aka bi, yana dariya yana girgiza kai. Da Malam Zurƙe ne ya ba da labarin, watakila da Alhaji ne za a kira ɗan iska.

6.0 WAJEN 'YAN KALLO

Abin da aka faɗa game da littafi ya fi ƙarfi a majigi, domin a can ana ganin fuska. Fim ɗin Indiya mai suna Mother India, wanda Mehboob Khan ya shirya a 1957, ya sami karɓuwa ƙwarai a gidajen silima na ƙasar Hausa. A cikinsa Birju ya tashi yana ganin yadda mai ba da bashi da ruwa ya talauta uwarsa Radha, har baƙin ciki ya mai da shi ɗan fashi. Da ya sace 'yar mai bashin, uwar da kanta ta harbe shi. Ɗan kallo ya san Birju ya yi laifi, ya san uwar ta tsare mutuncin ƙauyensu, amma hawaye yake yi wa su biyun. Ciwon Birju da na Abubakar iri ɗaya ne, ga shi kuwa ƙasa da addini da harshe duk sun bambanta.

7.0 BATUN TARBIYYA

Akwai masu ganin cewa sa wa mai karatu son mai laifi ɓata tarbiyya ne, musamman ga yara 'yan makaranta. Wannan tsoro yana da tushe, domin in marubuci ya ƙawata ɓarna ya ɓoye sakamakonta, lalle ya cuci jama'a. Sai dai ya kamata a bambance fahimtar laifi da halatta shi. Jiki Magayi bai wanke Abubakar ba. Ya nuna cewa ramuwar ta cinye ƙuruciyarsa, ba ta kuma mayar masa da Zainab ba. Mugun da aka zana da ƙaho ba ya tsoratar da kowa game da kansa, domin mai karatu zai ce shi ba haka yake ba. Wanda ya fara da gaskiya ya ƙare da zalunci shi ne gargaɗi na ainihi, tun da yake yawancin masu ɓarna suna ganin suna da hujja.

8.0 KAMMALAWA

An ga cewa karɓuwar tauraro mai gaurayayyen hali ta taso ne daga sanin dalilinsa, da damar yanke hukunci da ake ba mai karatu, da kuma salon da marubuci ya bi ya kusanto da shi. Abin da ya rage ga masu nazari shi ne su daina wadatuwa da jera taurari a layin nagari da na miyagu. Ga masu sha'awar rubutu kuwa, sharaɗin shi ne su ba tauraro dalili mai ƙarfi, sa'an nan kada su tsame shi daga sakamakon aikinsa.