Yadda Ake Gano Matsalar Babur Idan Silinda Ɗaya Ta Daina Aiki

Gabatarwa

Babur ƙafar manomi ne. Da shi ake kai taki gona, da shi ake fitar da tumatir da barkono zuwa kasuwa tun ba su lalace ba. Har yanzu akwai masu amfani da tsofaffin babura masu silinda biyu, irin su Honda CD175 da CD200 Roadmaster. Idan naka ya rage ƙarfi, yana kakkarwa, yana shan mai fiye da kima, sau da yawa silinda ɗaya ce ta daina aiki. Kada ka yi gaggawar kwance inji. Ka bi matakan nan bi da bi, daga mai sauƙi zuwa mai tsada.

1. Gano silindar da ke da matsala

Ka tayar da injin da safe yana da sanyi, ka bar shi ya yi minti 1. Ka kusantar da hannunka ga bututun salansa biyu, kusa da kan inji, ba tare da ka taɓa su ba. Wanda bai ɗauki zafi ba, silindarsa ce ba ta ƙona mai.

2. Duba fulogi

Ka kwance fulogin wannan ɓangaren, ka dubi bakinsa:

- Ruwan ƙasa: lafiya lau yake.
- Jiƙe da fetur: wuta ba ta zuwa.
- Baƙin hayaƙi busasshe: fetur ya yi yawa, ko wuta ta yi rauni.
- Jiƙe da baƙin mai: zoben fistin ko mazaunin sandar bawul ya ci.

Ka goge shi, ka daidaita tazarar bakinsa tsakanin milimita 0.6 da 0.7. Daga nan ka musanya fulogan biyu. Idan matsalar ta koma ɗaya ɓangaren, fulogi ne ya mutu, sabo kawai za ka saya.

3. Duba wuta

Ka duba wayar fulogi da hularta, ko akwai tsagewa ko tsatsa. Ka sa fulogin a hularsa, ka jingina shi da jikin inji, ɗayan kuma yana ɗaure a wurinsa, sannan ka buga kik. Wuta mai kyau shuɗiya ce mai ƙarfi. Kada ka yi wannan gwaji kusa da fetur.

4. Duba matsin iska

Ka kashe makunni, ka toshe ramin fulogi da babban yatsa, wani ya buga kik. Ka gwada ɓangarorin biyu. Silindar da iskarta ba ta ture yatsa da ƙarfi tana da matsalar bawul ko zobe. A irin waɗannan babura ana daidaita tazarar bawul a kan milimita 0.05, injin yana da sanyi. Bawul ɗin da ya matse ba ya rufewa sosai, kuma idan aka bar shi zai ƙone. Wannan aikin makaniki ne.

5. Kafireta

Waɗannan babura kafireta ɗaya ce ke ciyar da silindoji biyu, don haka da wuya a ce ita ce sanadi idan ɓangare ɗaya ne kawai ya lalace. Abin dubawa shi ne mahaɗarta da kan inji, ko iska na shiga ta nan.

Kammalawa

Kada ka ci gaba da ɗaukar kaya da silinda ɗaya. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka baƙin mai, sai gyaran fulogi ya zama gyaran inji. Bayan gyara, ka canza baƙin mai idan yana warin fetur. Ka duba baburinka tun kafin girbi, kuma ka riƙa ajiye fulogi ɗaya da sifanarsa a cikin kayan aikinka.