Kukan Bayan Magariba: Saƙona ga Iyayen Ƙasar Kurfai

Ni ungozoma ce a Filinge, kuma ranar awo ba ta wucewa ban ji wannan ƙorafi ba: "Na kwantar da shi bayan magariba, kafin isha'i ya tashi da tsala kuka." A gida kaka ta ce nono ne bai ishe shi ba, maƙwabciya ta ce ya ga wani abu da almuru, sai a shiga neman bauri da rubutu. 'Yan'uwana mata, yawancin wannan kuka ba ciwo ba ne.

Barcin jinjiri zango-zango yake, kowane zango kamar minti 45 zuwa 60, na babba kuwa wajen minti 90. A ƙarshen zango barcin yakan yi sama-sama. Yaron da barci ya ɗauke shi a goye kina tuƙa tuwo, ko da nono a bakinsa, in ya motsa ya ji shi kaɗai a shimfiɗa, dole ya nemi inda ya baro. Ga shi kukan jinjirai yakan fi yawa da maraice, ya kai ƙololuwarsa wajen mako 6, ya fara lafawa a wata 3 zuwa 4.

Yanayinmu ma yana da hannu. A Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, ɗakin kwano kuma ba ya hucewa sai dare ya raba. Da damina sauron kwarin Dallol Bosso yana fitowa daidai faɗuwar rana. Da hunturu ƙura tana toshe hanci. Sai gajiya: yaron da ya yini kasuwa ko gona bai yi barcin rana sosai ba, ya fi kowa saurin farkawa, domin gajiyar da ta wuce kima hana barci take yi.

Don haka ki kwantar da shi da ya fara hamma da murza ido, kada ki jira kuka. Ki shayar da shi ya ƙoshi, ki ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa. Ki rage masa tufafi lokacin zafi, ki kwantar da shi rigingine cikin gidan sauro, nesa da hayaƙin murhu. In ya yi ƙananan kuka idonsa a rufe, ki dakata kaɗan, ki dafa shi a hankali, sau da yawa barcin yake ci gaba. In ya nemi nono a kai a kai da maraice ki ba shi, tsotson nan ne ke ƙara ruwan nono.

Kafin wata 6, nono zalla: ba ruwa, ba bauri, ba jiƙo. Maganin sa barci na masu talla yana iya danne numfashin jinjiri. Kuma duk yadda ranki ya ɓaci kada ki jijjiga shi da ƙarfi, hakan na lalata ƙwaƙwalwa. Ki miƙa wa kakarsa ko babansa, ki huta.

Amma akwai kukan da ba a kwana da shi: wanda ya zo da zazzaɓi, ƙin kama nono, amai bayan kowane shayarwa, numfashi da sauri, kumburin maɗiga ko ciki, suma, ko jiki ya saki. Jinjirin da bai kai wata 3 ba in jikinsa ya yi zafi, a daren za a kai shi likita mafi kusa. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta tsara duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta. Maigida, in uwar ɗanka ta ce kukan yau ya sha bamban da na kullum, ka yarda da ita, ka nemo abin hawa tun kafin gari ya waye.