GAƁOƁIN JIKI: IRE-IRENSU DA YADDA SUKE MOTSI

Duk ɗalibin Hausa ya san gaɓa a darasin tsarin sauti, inda ake yanka kalma kamar "makaranta" zuwa ma-ka-ran-ta. To amma manazarta harshe aro suka yi, domin tun asali Bahaushe ya san gaɓa a jikin rake da kara, da kuma jikin ɗan Adam. A wannan ɗan rubutu zan yi bayani ne a kan gaɓar jiki, wato wurin da ƙasusuwa biyu ko fiye suka haɗu. Dalilina shi ne, da yawa daga cikinmu aikin fassara za mu yi a gidan rediyo ko a asibiti, kuma a can kuskuren kalma ɗaya kan shafi lafiyar mutum.

Baligi yana da ƙasusuwa 206. Masana sun kasa gaɓoɓin da ke tsakaninsu gida uku, bisa la'akari da abin da ya haɗa ƙasusuwan. Kashi na farko su ne waɗanda wani zare mai ƙarfi ya ɗinke, ba sa motsi, kamar na ƙoƙon kai. A kan jariri ɗinkin bai gama haɗewa ba, shi ya sa ake ganin maɗiga tana bugawa, kuma galibi takan rufe ne wajen wata 18. Kashi na biyu guringuntsi ne ya haɗa su, motsinsu kaɗan ne, alal misali tsakanin ƙasusuwan gadon baya.

Kashi na uku shi ne ya fi yawa, kuma shi ne mutane ke nufi idan sun ce gaɓa. A nan akwai ɗan sarari tsakanin ƙasusuwan. Guringuntsi mai santsi ya lulluɓe bakin kowane ƙashi, sannan wata jaka ta rufe gaɓar baki ɗaya, tantanin da ke cikinta yana fitar da ruwa mai yauƙi da ke hana gogayya, kamar yadda mai yake yi wa inji. Guringuntsin nan ba shi da hanyoyin jini, saboda haka idan ya cinye da wuya ya koma yadda yake. Wannan ne tushen irin amosanin gaɓɓai da ke yawan damun tsofaffi a gwiwa.

Siffar bakin ƙashi ita ke yanke irin motsin da gaɓa za ta iya. Gwiwar hannu lanƙwasawa da miƙewa take yi, kamar ƙyauren ƙofa. Gwiwar ƙafa ma haka, kodayake takan ɗan juya idan tana lanƙwashe. Ƙasusuwa biyu na farko daga cikin 7 na wuya juyawa suke yi, da su muke girgiza kai mu ce a'a. Gindin babban yatsan hannu yana da siffar sirdi, shi ya sa yatsan ke iya taɓa sauran huɗun, mu riƙe alƙalami.

Waɗanda suka fi burge ni su ne kafaɗa da kwatangwalo. Tsarinsu ɗaya ne: kan ƙashi mai kama da ƙwallo yana zaune a cikin ƙoƙo, yana yin gaba da baya, ya ware, ya matso, ya kewaya. Sai dai ƙoƙon kwatangwalo yana da zurfi kamar turmi, na kafaɗa kuwa kamar faranti yake. Don haka mai daka take iya ɗaga taɓarya sama da kanta ba wahala, don haka kuma kafaɗa ta fi sauran manyan gaɓoɓi saurin gocewa.

A nan ne mai fassara zai yi hattara. Kalmar jijiya tana ɗauke da abubuwa da yawa: akwai ta jini, akwai mai kai saƙo ƙwaƙwalwa, akwai mai haɗa tsoka da ƙashi irin agara, akwai kuma mai ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa. Ni a ganina bai kamata mu rubuta jijiya ita kaɗai ba, sai mun faɗi wace iri. Idan mai ɗaure ƙashi da ƙashi ta miƙe fiye da kima ko ta yage, shi ne targaɗe. Idan kan ƙashi ya fita daga mazauninsa, gocewa ke nan. Karaya kuwa ƙashin ne da kansa ya karye. Duk ukun suna kawo kumburi da zogi, ido kaɗai ba ya rarrabe su kullum, shi ya sa likita kan nemi a ɗauki hoto. Wanda aka gaya wa targaɗe ne zai iya ɗaure wurin ya zauna a gida, alhali idan gocewa ce ana bukatar a mayar da ƙashin da wuri, kafin ya danne hanyar jini.