Maƙwabciyar Da Ke Bayan Ruwa: Darasi A Kan Sawo Tome Da Firinsife

Ya kai mai karatu, in aka tambaye ka su wane ne maƙwabtan Nijeriya, na san ba za ka yi jinkirin amsawa ba. Za ka ce Nijar, gama kai mutumin Ruma ne, ka san hanyar Jibiya, watakila ma kana da dangi a Maraɗi. Wanda ya ɗan yi yawo zai ƙara da Cadi da Kamaru da Jamhuriyar Benin. To, akwai wata maƙwabciyar da ba safai ake ambatonta ba, domin ba turken iyaka tsakaninmu da ita, sai ruwa. Sunanta Sawo Tome da Firinsife. In ka neme ta a taswira za ka ga an rubuta Sao Tome da Principe.

Inda take

Ka tsaya a Batsari, ka fuskanci gabas kamar mai salla. Kudu tana hannun damanka ke nan. Da a ce mutum zai miƙe kudu sak, ba ya ratsewa, sai ya bi ta wajen Funtuwa da Kaduna da Abuja, ya ƙetare kogin Binuwai, ya ratsa ƙasar Ibo, har ya isa bakin teku kusa da Fatakwal. Nan ƙasa ta ƙare. In ya shiga jirgin ruwa ya ci gaba kudu kamar mil 200, sai ya tarad da tsibirin Firinsife. Gaba da shi kuma da wajen mil 90 ga babban tsibirin, watau Sawo Tome, inda babban birnin ƙasar yake.

Tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina. Ka taɓa ganin gulbi ya kawo da damina, ya raba kansa biyu ya bar tudu a tsakiya? Wannan tudun ƙaramin tsibiri ne. Na teku haka yake, sai dai ruwansa ba ya janyewa da rani, kuma na gishiri ne, ba ya shayuwa.

Ƙasar ba ta da girma. In an haɗa tsibiran biyu, faɗinsu bai fi na Ƙaramar Hukumar Batsari ba, mutanensu kuwa sun ɗan haura 200,000. Duk da haka ƙasa ce mai mulkin kanta, da tutarta da shugabanta, kuma a Majalisar Ɗinkin Duniya ƙuri'arta ɗaya, kamar yadda ta Nijeriya take ɗaya.

Layin nan da masana suka zana a taswira ya raba duniya biyu, kudu da arewa, wanda ake kira Ikwaita, ya ratsa ta wani ɗan tsibiri da ke gindin Sawo Tome daga kudu. Saboda haka can dare da rana kusan tsawonsu ɗaya dukan shekara, ga ruwan sama da yawa, ga kurmi mai duhu. Kada ka ɗauka wannan teku ba ruwanka da shi. Iskar nan mai laima da ke busowa daga kudu maso yamma in damina ta gabato, wadda ke tara hadarin da kake jira ka yi shuka, daga wannan teku take tasowa.

Wace nahiya ce tata?

Masana sun kasa busasshiyar ƙasar duniya manyan kashi-kashi, kowane kashi ana ce da shi nahiya. Tamu ita ce Afirka. To, ƙasar da ke tsakiyar ruwa fa, ina za a lissafa ta? Ka'idar da aka fi bi ita ce a duba nahiyar da ta fi kusa. Daga Sawo Tome zuwa gaɓar ƙasar Gabon wajen mil 150 ne, watau kamar tafiyar Katsina zuwa Kano a ƙara rabinta. Ba wata nahiya da ta kusance ta haka. Don haka cikin Afirka take.

Akwai kuma shaida ta biyu, ta duwatsu. Tsibiran nan kawunan duwatsu ne masu aman wuta da suka taso daga ƙasan teku tun zamanin da ba mai iya tunawa. Mafi tsawonsu ya haura ƙafa 6,600. Ba su kaɗai ba ne, jeri guda ne. Jerin ya taso daga cikin teku, ya bi ta Sawo Tome da Firinsife da tsibirin Biyoko, ya hau tudu a Dutsen Kamaru, ya miƙe har tuddan Adamawa da na Biu a Jihar Borno. Ashe ruwa ya rufe tsakani ne kawai, amma tushen ɗaya ne.

Su wane ne mutanenta?

Shaida ta uku ita ce ta jini, kuma labarinta ba mai daɗi ba ne. Sa'ad da matuƙan jiragen ruwa na Fotugal suka iso wajen shekarar 1470, ba su sami kowa zaune a tsibiran ba. A 1493 suka kafa gari sosai, suka shiga noman rake. Da yake rake yana son hannu da yawa, sai suka riƙa sayo bayi daga gaɓar Afirka: da fari daga wajen Masarautar Bini, wadda ke Jihar Edo ta yanzu, daga baya kuma daga Kwango da Angola. Tsibirin ya zama zango inda ake tara bayi kafin a haye da su Amurka. A 1595 wani bawa mai suna Amado ya ja 'yan'uwansa suka yi tawaye. An kama shi an kashe, amma har yau mutanen ƙasar suna girmama sunansa.

Daga baya aka kawo koko daga Barazil. Ya karɓi ƙasar ƙwarai, har a farkon ƙarni na 20 aka yi shekarun da ba ƙasar da ta fi Sawo Tome fid da koko a duniya. Ko da aka hana bauta, masu gonakin sun ci gaba da ɗebo 'yan ƙodago daga Angola da Mozambik da tsibiran Kef Bad, a kan sharuɗɗan da ba su da nisa da bautar. Ƙasar ta sami mulkin kai ran 12 ga Yuli, 1975.

Harshen hukuma a can na Fotugal ne. Amma akwai harsunan gida da suka fito daga cuɗanyar na Fotugal da na bayin farko, masana kuma sun sami kalmomin mutanen Edo a cikinsu har yanzu. Ka ga ke nan wasu daga kakanninsu daga ƙasar da ake kira Nijeriya yau aka ɗebe su.

Ƙungiyoyin da take ciki

Ƙasashe ma suna da ƙungiyoyi kamar yadda manoma da 'yan kasuwa suke da su. Sawo Tome tana cikin Tarayyar Afirka tare da mu. Amma ba ta cikin ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma da aka kafa a Ikko a 1975. Ita tana cikin ta ƙasashen Afirka ta Tsakiya, wadda aka kafa a 1983, tare da Kamaru da Gabon da Cadi da Angola. Harshe kuma ya ja ta cikin ƙungiyar masu magana da harshen Fotugal, wadda aka kafa a 1996, inda take zama da Barazil da Angola da Mozambik. Kuɗinta, dobra, an ɗaure darajarsa da kuɗin Turai tun 2010.

Kada wannan ya ruɗe ka. Ƙungiya daban, maƙwabtaka daban. Nijar ta fita daga ECOWAS a watan Janairu na 2025, amma Maraɗi ba ta gusa daga inda take ba, Katsinawan can kuma ba su daina zama 'yan'uwan na nan ba.

Abin da ya haɗa ta da Nijeriya

Kusancin nan ya nuna kansa lokacin yaƙin basasa. Daga 1968 zuwa farkon 1970, sa'ad da tsibirin ke hannun Fotugal, daga can ne jiragen sama na masu ba da agaji suka riƙa tashi da dare suna kai abinci da magani yankin Biyafara, Gwamnatin Tarayya kuwa ba ta yarda da wannan zirga-zirga ba.

Babban abin da ya haɗa mu a zamanin nan shi ne iyakar ruwa. Bisa dokar teku da ƙasashen duniya suka shirya a 1982, kowace ƙasa mai gaɓa tana da hakkin kifi da man fetur da ke cikin teku har mil 200 daga gaɓarta. Amma ruwan da ke tsakanin Firinsife da Nijeriya bai isa kowa ya ɗebi mil 200 nasa ba. Rabon wannan ya hau kan na wancan, wurin kuwa ana kyautata zaton akwai mai a ƙarƙashinsa. Sawo Tome ta ce a raba daidai a tsakiya. Nijeriya ta ce gaɓarta ta fi tsawo nesa, ba za a daidaita ta da ɗan tsibiri ba.

Kai manomi ne, ka san abin da rikicin iyakar gona ke jawowa. Sau da yawa ana ƙarar da abin da ya fi kuɗin gonar wajen shari'a, zumunci kuma ya lalace har jikoki. Ƙasashen nan biyu suka zaɓi wata hanya. Ran 21 ga Fabrairu, 2001, a Abuja, suka sa hannu a kan yarjejeniya cewa za a ajiye maganar iyaka a gefe, a ci amfanin wurin tare: Nijeriya ta ɗauki kashi 60 cikin 100, Sawo Tome kashi 40. Aka kafa hukuma guda ta haɗin gwiwa, ofishinta a Abuja. Rijiyoyin gwajin da aka fara haƙawa a 2006 ba su ba da man da ya isa ciniki ba. Amma ba a harba bindiga ko ɗaya a kan wannan ruwa ba, wannan kuwa riba ce ba ƙarama ba.

Ba a daɗe ba aka gwada ƙarfin amanar. Ran 16 ga Yuli, 2003, sojoji suka ƙwace mulki a Sawo Tome, shugaban ƙasar, Fradique de Menezes, yana Abuja wajen taro. Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka suka ƙi amincewa, aka shiga sulhu. Bayan mako guda ya koma kan kujerarsa, Shugaba Olusegun Obasanjo ne ya raka shi har gida.

Abin riƙewa

Ka riƙe abu uku. Na ɗaya, tsibiri ba ya rasa nahiya: Sawo Tome da Firinsife ƙasar Afirka ce ta wajen kusanci, da duwatsu, da jinin mutanenta. Na biyu, ƙasa takan shiga ƙungiya saboda wuri ko harshe ko ciniki, amma maƙwabci ba a zaɓensa, tarad da shi ake yi. Na uku, in babba da ƙarami sun yi jayayya a kan iyaka, ba lalle sai ɗaya ya kā da ɗaya ba. Ana iya barin turke inda yake a raba amfani, gama zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Tambayoyi

1. In ka tsaya a Batsari, ta wace fuska Sawo Tome take?
2. Kawo shaida uku da suka sa aka lissafa ta cikin Afirka.
3. Daga ina aka kawo mutanenta na farko, kuma don wane aiki?
4. Yaya Nijeriya da Sawo Tome suka warware maganar iyakar ruwa a 2001?
5. Ka san wata jayayyar iyaka a garinku da za a iya kashewa ta wannan hanya? Ka karanta wa abokanka darasin, ku yi shawara a kai.