Kwamfuta Ɗaya don Karatu da Gem: Abin da Za Ka Duba Kafin Ka Biya Kuɗi

Sana'ata gyaran kwamfuta ce da sayar da ita a nan Kano. Duk lokacin da jami'o'i suka fara rajistar sababbin ɗalibai, buƙata ɗaya ce ke yawan shigo mana shago: ana son kwamfutar tafi-da-gidanka mai sauƙin kuɗi, wadda za a shiga aji da ita a rubuta darasi, da dare kuma a buga gem. Ɗalibi kan faɗi ɓangaren karatun da ƙarfi a gaban mahaifinsa, zancen gem kuwa sai Alhaji ya juya baya yake raɗa mini. Na ga ya dace in yi bayanin a fili, domin kuɗin da ake asara a wannan ciniki ba kaɗan ba ne.

Gaskiyar farko ita ce taura biyu ba ta taunuwa, musamman idan aljihu bai da nauyi. Kwamfutar da aka ƙera don gem, irin su HP Victus, Acer Nitro 5, Asus TUF ko Lenovo LOQ, tana da katin girafik nata na daban. Katin nan yana shan wuta, yana fitar da zafi, shi ya sa ake sa mata manyan fankoki. Nauyinta ya haura kilo 2, cajarta kan kai wat 135 zuwa 180 ko fiye, batirinta kuma ba ya jimirin wunin lakca. Ita kuwa ta ofis, irin su HP EliteBook 840, Dell Latitude 5400 ko Lenovo ThinkPad T14, nauyinta wajen kilo ɗaya da rabi ne, cajarta wat 65, ba ta ƙara, tana kuma riƙe caji, amma manyan gem sun fi ƙarfinta. Saboda haka tun kafin ka fito daga gida, yanke shawara: wanne ne babba a wurinka, wanne ne ɗan rakiya?

Hanyar gane amsar ita ce ka kira sunan gem ɗin. Idan PES 2017 ne, ko PES 2021, ko GTA V da za ka rage masa kyan hoto, ba sai ka sayi kwamfutar gem ba. Girafik ɗin da ke haɗe a cikin furosesa, wato Iris Xe na Intel ko Radeon na AMD Ryzen 5, zai ɗauke su. Idan kuwa FIFA 23 kake nufi ko FC 24, kamfanin EA da kansa ya ce mafi ƙaranci shi ne kati irin GTX 1050 Ti, da RAM giga 8, da fili giga 100. A nan sai ka nemi mai GTX 1650 ko RTX 3050, ka kuma yarda da nauyin jaka da neman soket a kowane aji. Mai Intel UHD 620 kaɗai ta karatu ce, sai dai tsofaffin gem.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne sitikar Core i7. Mai saye na ganinta sai hankalinsa ya kwanta, alhali jenareshan ɗin furosesa ya fi sunanta muhimmanci. Dubi lambar da ke biye da sunan. A i5-8250U, lamba 8 ta farko na nufin jenareshan na takwas. A i5-1135G7, lambobi biyun farko na nufin na sha ɗaya. To i7-7500U ƙwaƙwalwar aiki biyu gare ta, i5-8250U kuwa huɗu, ka ga i5 ɗin ta fi i7 ɗin ƙarfi. Akwai wani dalilin kuma. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma a ƙa'ida Windows 11 daga jenareshan na takwas take farawa. Ana iya tilasta ta a kan tsohuwar na'ura, ana kuma yi a kasuwa, don haka ganin Windows 11 a allo ba hujja ba ce cewa kwamfutar sabuwa ce. Kada ka sauka ƙasa da na takwas komai daɗin farashi. Harafin ƙarshe ma yana magana: U na tattalin batir ne, H na ƙarfi ne da shan wuta.

Tarko na biyu shi ne a ce maka "tana da girafik giga takwas". Sau da yawa wannan giga takwas ɗin aro ne daga RAM, ba na katin ba ne. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, shiga Performance, ka taɓa GPU. Layin da aka rubuta Dedicated GPU memory shi ne mallakin katin. Wanda aka rubuta Shared, aro ne. Idan ba ka ga sunan NVIDIA ko kati na biyu a jerin ba, babu katin daban a ciki. Ka kuma lura cewa ba kowane NVIDIA ne na gem ba: MX150 da MX250 ƙananan kati ne, ba sa kusa da GTX 1650.

A shafin Performance ɗin nan za ka ga RAM da ma'ajiya. Giga 8 shi ne mafi ƙaranci, giga 16 ya fi kwanciyar hankali. Tambayi ko ana iya ƙarawa, domin a wasu sirara an liƙe RAM ɗin a jikin bod, yadda ka saya haka za ka zauna. Idan kwamfutar ba ta da katin daban, sanda biyu na giga 8 sun fi sanda ɗaya na giga 16 amfani a gem, saboda girafik ɗin daga RAM yake ci, kuma hanya biyu ta fi ɗaya sauri. Ma'ajiya kuwa SSD za ka nema. Tsohon hard disk mai juyawa, ko da tera ɗaya ne, zai sa ka jiran kwamfuta ta buɗe malam kuma ya yi nisa da bayani. SSD giga 256 ya wadatar da karatu, amma gem ɗaya babba zai cinye kusan rabinsa, don haka 512 ya fi dacewa.

Yawancin masu neman araha ta hannu suke saya, wadda ake kira 'yar Landan, ko a Beirut Road a nan Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja. Ba aibu ba ne, kwamfutocin ofis na waje suna da ƙarko. Abin da ya fi gajiya a jikinsu shi ne batir, kuma shi ne ran mai rubutu a aji. Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport. Rahoton zai nuna Design Capacity, wato abin da batirin ke ɗauka yana sabo, da Full Charge Capacity, abin da yake ɗauka yau. Idan na biyun ya faɗo kusa da rabin na farko, sa kuɗin sabon batir cikin lissafinka, ka nemi ragi. Bayan haka buɗe Notepad ka danna kowane maɓalli na kibod, ka gwada kowace ƙofar USB, da kyamara, da sifika, da Wi-Fi. Buɗe murfin ka rufe ka ji ko maƙalar ta saki. Shiga BIOS ka tabbata babu kalmar sirrin wani kamfani a kai. Idan ta gem ce, a kunna maka gem ɗin na tsawon minti ashirin. Wadda zafi ya lalata takan fara da kyau, can sai hoto ya soma tsinkewa ko ta mutu.

Masu karatun lissafi ko injiniya da ke son rubutu da alƙalami a kan allo su kula: ba kowane allon taɓawa ne ke karɓar alƙalamin dijital ba. A gwada a OneNote kafin a biya.

Bayan saye, yanayinmu ma yana da nasa haraji. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano kan haura digiri 40, a hunturu kuma ƙura ce ke toshe hanyar iska. Da zarar furosesa ta yi zafi sosai sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Mafi yawan masu kawo mini kwamfuta da kukan "ta daina jan gem", ƙura ce a fanka da man sanyaya furosesa da ya bushe. Kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma, a sa ta a tebur, a kai ta a share fanka bayan kowane hunturu. A guji cajar jabu, musamman a wutar janareta, domin gyaran bod ya fi kuɗin caja ta asali nesa ba kusa ba. Sannan kwamfutar gem ba ta ba da cikakken ƙarfinta sai tana jone da wuta. Wanda ɗakinsa ba ya samun wuta sosai ya sa wannan a lissafi.

Shawarata ga mafi yawan ɗalibai ita ce kwamfutar ofis mai Ryzen 5 ko Core i5 jenareshan na sha ɗaya, RAM giga 16 sanda biyu, SSD 512, da batir mai lafiya. Za ta kai ka ƙarshen digiri, ta kuma ba ka ƙwallon ƙarshen mako. Wanda gem ya zame masa dole, ko karatunsa ya haɗa da zanen gini ko tace bidiyo, ya ƙara haƙuri ya ƙara tari har kuɗin mai GTX 1650 ya cika. Kowacce ka zaɓa, kada ka bar shago sai da rasit mai ɗauke da lambar jikin kwamfutar da adadin kwanakin garanti a rubuce. Ɗan kasuwa mai gaskiya ba zai ƙi ba. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya sa albarka a abin da aka saya.