Yadda Ake Gwada Ƙarfin Bulo Kafin a Fara Gini

Tun da ruwan madatsar Tiga ya fara ratsa gonakin Kura, Bunkure da Kadawa, ƙasar da ke kusa da hanyoyin ruwa ba ta rabuwa da danshi, rani da damina. Mai niyyar gina siton shinkafa ko ɗakin injin casa a nan, ƙwanƙwasa bulo da yatsa ba zai fisshe shi ba. Sai gwaji.

Da farko, ka tsinto bulo da hannunka daga sassa daban-daban na tarin, ba waɗanda mai bulo ya miƙo maka ba. Su kasance sun cika kwana 28 da bugawa. Kai su ɗakin gwaji irin na sashen injiniyan gine-gine na Jami'ar Bayero, ka ce a jiƙa wasu a ruwa tukuna. Jiƙaƙƙen bulo ya fi rauni, kuma a haka zai zauna a fandisho.

Sai ɗorawa a inji, inda ake yawan yin kuskure. A aza bulon yadda magini zai jera shi, ramukansa na kallon sama. In aka kwantar da shi ta gefe, nauyin zai sauka kan fatar da babu komai a ƙarƙashinta sai rami, ta tsage da wuri, a ɗora wa bulon laifin da ba nasa ba. Jan bulo marar rami kuwa, a kwance yakan nuna ƙarfi fiye da a tsaye, domin farantan ƙarfen injin suna danne shi sama da ƙasa, su hana shi buɗewa ta gefe. Iya gajartarsa, iya tasirin wannan riƙon. Bulo iri ɗaya, lamba daban.

A sa siririn filawud sama da ƙasa, a saita bulon a tsakiya, a riƙa ƙara nauyi a hankali har ya fashe. Sannan a raba nauyin da faɗin fuskar da aka danna, wato milimita 450 sau 225 ga bulo mai inci tara. Ƙa'idar hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa (SON), wato NIS 87, ta nemi niwton 3.45 a kan kowane murabba'in milimita ga bulon da zai ɗauki nauyin gini. Kusan tan 35 ke nan a kan bulo guda.

In takardar sakamako ba ta faɗi ta wace fuska aka danna bulon ba, kada ka biya kuɗin ko mota ɗaya a kanta.