Yadda ake tara lambobi da soroban, allon lissafin Japanawa

Soroban katako ne mai ɗauke da tsinkaye a jere, kowanne da 'ya'ya biyar masu zamewa kamar na carbi. Asalinsa suanpan ne na ƙasar Sin, mai 'ya'ya biyu a sama da biyar a ƙasa. A Tokyo, a shekarar 1946, wani mai amfani da soroban, Kiyoshi Matsuzaki, ya kara da wani sojan Amurka mai injin lissafi na lantarki, ya kuma doke shi da ci 4 da 1. Ga yadda za ka fara aiki da soroban.

1. Fahimci allon. Wata sanda ta gitta tsakiyarsa. Ɗan da ke samanta darajarsa 5, huɗun da ke ƙasa kowanne 1. Ba a ƙirga ɗa sai an matso da shi jikin sandar.

2. Share shi. Ka jirkita allon duk 'ya'yan su gangaro, ka kwantar da shi, sannan ka bi ta saman sandar da manuniya ka ɗage 'ya'yan biyar-biyar. Yanzu ko'ina sifili ne.

3. Zaɓi gurbi. Tsinke mai ɗigo a kan sandar shi ne na ɗai-ɗai. Na hagunsa gomomi, na gaba ɗaruruwa.

4. Horar da yatsu. Babban yatsa aikinsa ɗaya, tura 'ya'yan ƙasa sama. Duk sauran motsi na manuniya ne.

5. Haddace abokan biyar: 1 da 4, 2 da 3. A ce ka ɗora 3, kana son ƙara 4, amma ɗa ɗaya ya rage a ƙasa. Sauko da na biyar, ka cire abokin 4, wato 1. Allon zai nuna 7.

6. Haddace abokan goma: 1 da 9, 2 da 8, 3 da 7, 4 da 6, 5 da 5. Gwada 27 a tara da 18. Ɗora 2 a gomomi, 7 a ɗai-ɗai. Daga hagu ake farawa, don haka ƙara 1 a gomomi su zama 3. Babu wurin 8 a ɗai-ɗai, sai ka cire abokinsa 2, ka ƙara 1 a gomomi. Amsa ita ce 45.

Matakai na 5 da na 6 su ne ƙashin bayan aikin, kada ka yi musu gaggawa. Riƙa tara 1 zuwa 10 kullum. Idan 55 ta fito, hannunka daidai yake, sai ka wuce zuwa 1 har 100, wanda amsarsa 5050. Wanda yatsunsa suka saba yakan kai ga ajiye katakon ya riƙa motsa 'ya'yan a zuci. Japanawa na kiran wannan anzan, kuma yaran da suka ƙware a kai sukan tara dogayen lambobi ba alƙalami ba takarda.